Fararen Shafukan Malamar Aji Ɗaya

Sana'ata tsara shafi ce a kwamfuta. Ina da ɗan shago a Gumel, da injin kwafi, da kwamfuta biyu. Ɗayar ta daɗe da mutuwa, amma na bar ta a kan tebur don masu shigowa su ɗauka harka tana tafiya. Abin da nake ci da shi katin biki ne, da kalandar 'yan takara, da furojet ɗin ɗaliban kwaleji masu kwafar na juna har da kurakuran ciki. Haƙuri bai ishe ni ba, kowa ya sani. Abin da na fi tsana a duniya shi ne mutum ya tsaya a bayana yana dangwala wa allon kwamfuta yatsa, yana cewa in matsar da wannan in ƙara wancan. Mutum ɗaya ce ta yi mini haka wata da watanni ban ɗaga mata murya ba, ko da yake na sha yin tsaki a cikina.

Ita ce ta koya mini karatu a aji ɗaya a Ɗanzomo. Kirista ce, daga duwatsun tsakiyar ƙasar nan ta zo tana amarya, ta biyo mijinta da aka turo aikin asibitin dabbobi. Aka yi ta yawo da ita daga wannan makarantar ƙauye zuwa waccan, a ƙasar Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari, kuma duk inda ta je aji ɗaya ake ba ta, don ba mai son ajin majina da fitsari. Ita kuwa ba ta taɓa neman canji ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Mijin ya rasu aka binne shi a maƙabartarsu da ke bayan gari, ta ci gaba da zama a gidan haya har ta yi ritaya. Hausarta ta fi tawa daɗi. Amma sunanta ya yi wa mutanenmu nauyi a baki, ba wanda ya wahalar da kansa ya koya, sai aka laƙaba mata Malamar Aji Ɗaya. Da shi iyaye suke kiranta, da shi hedimasta yake aikawa a kira ta. Ni kaina da na zauna a gabanta a kan tabarma shekara guda, ban san cikakken sunanta ba sai ranar da ta shifta mini shi na buga.

Da bazara ta shigo shagon, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, tana rungume da leda cike da takardu. Littafi ta rubuta don malaman aji ɗaya na ƙauye. Duk abin da ta tara a rayuwarta yana ciki: yadda za a zaunar da yara a ajin da ba benci, yadda za a fara koya musu baƙi da yatsa a kan rairayi, yadda ake ƙirga da karan dawa da murfin kwalba, abin da malami zai yi da ɗan Fulanin da ya zo ba ya jin Hausa, da yadda zai kamo yaran da gona ta ɗauke masa da damina. Wata ƙungiya mai tallafa wa makarantu ta yarda za ta buga ta raba. Sharaɗinsu ɗaya ne. Bangon littafi nasu ne, iri ɗaya suke yi wa duk littattafansu, sunan littafi da tambarinsu kawai, ba sa sa sunan kowa. Cikin littafi kuwa ta tsara shi yadda ta ga dama.

"Ɗana," ta ce da ni, "idona tafiya yake yi. Likita ya ce ba yana ba ce balle a kankare. Ina so in ga sunana a littafi kafin ya ƙarasa. Shekarun da na yi a ƙasar nan sun fi waɗanda na yi a garinmu nesa ba kusa ba, kuma idan na tafi ba abin da zai nuna na taɓa zuwa sai kabarin mijina."

Na ce mata to, na ture katin bikin da nake yi gefe. Mai bikin ya yi fushi, ya huce.

Aikin ya ja mu har damina ta sauka. Takan zo da hantsi a kan acaɓa, ta jawo kujerar roba ta zauna a bayana, hancinta kusan a kan kafaɗata. Ni na saba da tsarin da ba ya cin takarda, ƙananan haruffa, layi a matse, gefe siriri. Ta ce ba ta san zancen ba. Malamin da zai karanta wannan littafi a tsaye yake, alli a hannu, rabin hankalinsa yana kan yaran da suke dambe a bayan aji, ajin kuma ba haske. In ƙara girman harafi, in buɗe tsakanin layi. Sannan kowane darasi dole ya fara a shafin hagu ya ƙare a na dama, don kada malami ya tsaya juya shafi a tsakiyar magana. Idan darasi ya zarce da layi biyu, sai in ce bari in ɗan matse, ba wanda zai lura. Sai ta ce a'a, karanta mini. In karanta, ta yanke maganarta da kanta ba tausayi, wani lokaci jimlar da ni kaina ta yi mini daɗi.

Na so in ƙawata shi da hotunan da aka ɗauka da waya. Ta ce ta ga irin takardar da ƙungiyar take amfani da ita, fuskar yaro za ta fito kamar gindin tukunya. Muka koma zane da hannu, ɗan kara, ɗan murfin kwalba, yatsa yana jan layi a ƙasa. Na yi mata akwati a ƙasan kowane darasi don abin da malami zai kiyaye, na zagaye shi da ado irin na katin biki. Ta matso da ido ta duba, ta tambaye ni ko littafin aure zai yi. Na goge adon.

Abubuwa biyu ta kafe a kansu, kuma duka biyun da hujjarta. Na farko ɗinki. Littafin da aka haɗa da gam rufe kansa yake yi da zarar an sake shi. Malamin ƙauye ba shi da tebur, a bakin taga yake ajiye littafi ko a ƙasa, saboda haka dole littafin ya iya kwanciya a buɗe shi kaɗai. Ta ce a ninka takardun biyu a ɗinke su a tsakiya da waya, kamar littafin rubutu na 'yan makaranta. Na yarda nan take. Na biyu, tana so a bar fallaye masu ɗan yawa a ƙarshe farare tas, ba komai sai ɗan kanu a sama, inda malami zai rubuta abin da ya gani a ajinsa. A nan muka yi jayayya. Ni ganin farin shafi a littafi haushi yake ba ni, kamar gonar da aka share aka ƙi shukawa.

"Ni kaɗai ba zan san komai ba," ta ce. "Wani malami zai gano dabarar da ban sani ba. Ya rubuta a nan, wata rana a bi a tattara."

Na ce Malama, malaman da na sani ko jadawalin darasi sai an yi musu barazana suke rubutawa. Ta ce ai ni ma da aka kawo ni ajinta ba wanda ya zaci zan iya rubuta sunana. Na bar mata fararen shafukanta.

Al'adar masu tsara littafi ce a sa sunan marubuci da ƙananan baƙaƙe a saman kowane shafin hagu. Na sa mata ban faɗa ba, ina so in burge ta. Ta hango wani siririn abu a sama ta tambaya mene ne. Da na gaya mata, sai ta ce in cire.

"Malami idan ya buɗe littafi darasi yake nema, ba ni ba. Ka sa masa sunan darasin a nan. Ni sau ɗaya ya ishe ni, amma ya fito sosai."

Shafin sunan muka yi a ƙarshe. Ta shifta mini, na buga, ta ce ba ta gani. Na ƙara girma, ta girgiza kai. Na yi ta ƙarawa har ya kai girman da nake yi wa masu neman kansila. Na ce Malama, wannan ai ya zama fosta. Ta ce ƙara kaɗan. Na ƙara. Ta daɗe tana kallo, sannan ta karanta shi a bayyane a hankali, da lafazin garinsu, yadda ban taɓa jin wani ya faɗe shi ba. Tausayinta ya kama ni har na yi kamar ina gyara wayar janareto. Ta ce bayan shafin a bar shi fari, kada wani rubutu ya leƙo ta bayan sunan. Daga shi sai shafin sadaukarwa ga mijinta, sai gabatarwa inda ta ba da labarin zuwanta ƙasar nan, sai jerin darussa. Bayan waɗannan fallayen ne darasi na farko ya fara.

A Kano aka buga. Littattafan suka iso kafin a koma sabuwar shekarar karatu, aka raba wa makarantu. Ta zo da nata shagona, ta tsaya a bakin ƙofa inda haske ya fi, ta kai shafin farko dab da fuskarta. A lokacin tana iya ganinsa. Ta naɗe littafin a wani tsohon ɗankwali ta sa a jakar hannunta, kuma tun daga ranar ban ƙara ganin jakar ba shi a ciki ba.

Shekara ta zagayo. Idon ya ƙarasa, haske da duhu kawai take bambancewa. 'Ya'yan ƙaninta suka aiko cewa za su zo su ɗauke ta da zarar an gama girbi, don ba za ta iya zama ita kaɗai ba. Ta aika aka kira ni. Ta ce kafin ta tafi tana so in zaga da ita makarantun da ta koyar, in karanta mata abin da malamai suka rubuta a fararen shafukan. Na ari motar wani abokina mai sayar da taki.

Gagarawa Tasha muka fara zuwa. Malamin ba ya nan, amma littafin yana bakin taga a buɗe, kamar yadda ta so. Na ɗauka na ji ya yi sirantaka. Na juya baya, ba fararen shafuka, sai ɗan guntun takarda maƙale a jikin waya. Na buɗe gaba, darasi na farko ne yake kallona. Na ɗauka akuya ce ko yara suka yi wa wannan ɗaya ɓarna. Na mayar na ce mata malamin ya fita, mu tafi. Washegari a wata makaranta kusa da Maigatari na tarar da irin haka sak, a hannun wata malama mai tsafta da ta yi wa bangon riga da takardar siminti. A nan na gane abin da ya faru. Fallen ƙarshe da fallen farko takarda ɗaya ce aka ninka. Idan aka yage na baya, na gaba ya rasa abin da yake riƙe shi, sai ya zame ya faɗi. Na yi ta jan malamar da surutun banza har muka fito, ban bari littafin ya kai hannun Malama ba. Muka shiga mota muka koma gida.

Ɗanzomo muka je a ƙarshe. Rabin yara suna gona wajen tsinkar zoɓo, sauran suna zaune a ƙasa a wani aji da iska ta yaye wa gefen rufi. Malamin saurayi ne sabon zuwa, bai san ta ba, ni ma bai san ni ba. Ya tarbe mu da ladabi, ya ba ta kujerarsa guda ɗaya. Na ce masa mun zo ne mu ga yadda littafin aji ɗaya yake aiki. Ya ɗauko shi da sauri, duk ya yi fari da alli, kusurwoyinsa sun nannaɗe. Kafin in miƙa hannu ta riga ni. Ta auna shi a tafinta, ta shafa baya, yatsanta ya tsaya a kan wayar.

"Ina fararen shafukan baya?" ta tambaye shi.

"Ai Mama, da su muka yi jarrabawar zangon farko. Ba a kawo mana takarda ba, iyaye kuma ba su saya ba. Na yanka kowane falle gida huɗu, kowane yaro ya samu. Wasu ma ranar suka fara riƙe fensir, da duk a ƙasa muke yi kamar yadda littafin ya ce."

"Na gaban fa?"

"Su da kansu suka zubo. Na duba na ga ba darasi a ciki, suna ne kawai da 'yan bayanai. Bayan ɗaya ma fari ne tas, shi ma muka yi amfani da shi."

"Wa ya rubuta littafin?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi Mama ban riƙe ba, daga ofis aka kawo mana. Amma ko wane ne, ya san aji ɗaya. Wani lokaci sai in ji kamar yana laɓe a bayan taga yana kallona."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba da saurayin nake fushi ba, don ban ga abin da zai yi ba bayan wanda ya yi, amma shi ne a gabana, kuma na buɗe baki zan zazzage masa. Sai na ji ta mintsine ni a wuyan hannu, irin mintsinin da na sani tun ina aji ɗaya. Na haɗiye maganata.

"Yau fa," ta ce masa, "da me za su rubuta?"

"Sai ƙasa, Mama."

Ta buɗe jakarta, ta warware ɗankwalin, ta fito da nata littafin, sabo fil kamar ranar da aka kawo shi. Ta lalubo fararen shafukan baya, ta haɗa su a hannu ta ja. Ƙarar yagewar ta sa yaran suka ɗago. Ta miƙa wa malamin. Tana miƙawa fallayen gaba suka sulale daga cinyarta suka faɗi ƙasa. Na sunkuya na tsince su. Shafin sunan ne a sama, da manyan baƙaƙen da muka yi ta ƙara wa girma. Na riƙe shi gam a bayana kamar yaron da ya saci ƙosai.

"Ba shi," ta ce. "Bayansa fari ne."

Na ce Malama, wannan naki ne.

"Ɗana, ba shi."

Na ba shi. Ya yi godiya har da rusunawa. Bai kalli gaban takardar ba, farin bayan yake buƙata. Ya kifa ta a gwiwarsa, ya ninka, ya murje da farce, ya yaga biyu, ya ƙara ninkawa ya yaga. Ya bi layin gaba yana rabawa. Yaran suka yi ta murna suna shinshina sabuwar takarda.

A hanyar komawa na kasa yin shiru. Na ce mata shafin yana nan a kwamfutata. Zan buga sunan a 'yan ƙananan takardu, in bi makarantu ɗaya bayan ɗaya in liƙa a bangon kowane littafi, ƙungiyar ta yi abin da za ta yi. Na zagi takarda, na zagi waɗanda ba su kawo takarda ba, na zagi ramukan hanya. Ta bar ni har na gaji.

"Ni na ce a ɗinke a tsakiya," ta ce, "ni na ce a bar fari a baya. Ni da na ƙare rayuwata ina jan kunnen yara cewa idan za su yagi takarda su yaga daga tsakiya." Ta yi 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta. "Na ga sunan da idona, ya wuce. Yanzu ko a goshin malamai ka liƙa shi ba zan gani ba, su kuma ba za su iya faɗarsa ba. Kada ka liƙa ni a bangon kowa. Kada ka ƙara rubuta shi a ko'ina. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata alkawari, don ban saba musa mata ba. Sannan ta juya fuskarta wajen taga ta yi kuka, ba sauti, har muka shiga Gumel. An ce ko ranar da aka binne mijinta ba a ga hawayenta ba. Na tuƙa motar a hankali.

Bayan girbi 'ya'yan ƙanin nata suka zo da a-kori-kura. Kayanta ba su cika ta ba. Suka biya da ita maƙabarta ta yi sallama da kabarin, suka wuce. Ba ta daɗe a can ba. Wata 'yar cocinsu mai sayar da doya ce ta tsaya a ƙofar shagona ta gaya mini rasuwar. Na sanar da 'yan ajinmu da suke gari, kowa ya ce Allah sarki, Malamar Aji Ɗaya. Ba wanda ya tambaye ni wani abu bayan wannan.

Littafin yana nan yana aiki, wannan kam ba zan ɓoye ba, ko da yake bai rage mini ɓacin rai ba. Ƙungiyar ta gama aikinta ta tafi, ba a sake bugawa ba, saboda haka malamai sukan kawo mini nasu in kwafa wa abokan aikinsu. Har daga tsallaken iyaka wani ya taɓa zuwa, ya ce a lakwal ɗinsu, wato makarantar boko ta can, yake so ya gwada. Ban taɓa ganin wanda aka kawo da shafin farko a jikinsa ba. Injin kwafin yana dab da kwamfutar da shafin yake ciki, hannu kawai zan miƙa. Na riƙe alkawarina, shi ya sa a wannan rubutun ma ban sa sunan ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ina karɓar littafin in kwafa musu daga darasi na farko, yadda suka kawo shi.